Bakwai a Ɗakin Albasa

Ran Laraba, in an sallame isha'i,
mukan taru a ɗakin ajiyar albasa na Alhaji Na'Allah,
bayan kasuwar Yelwa, inda ƙasa ke gangarawa bakin ruwa.
Rufin mai tsawo ne, bangon mai kauri,
in ka ce "a" sai ya riƙe ta ɗan lokaci kafin ya maido maka,
kamar mai shago da ke jan ƙafa wajen ba da canji.

Mu bakwai ne.
Ba kalangu, ba garaya, ba ko gwangwanin ƙwanƙwasawa.
Abin da aka haife mu da shi muke zuwa da shi:
maƙogwaro, haƙarƙari, numfashi.

Malama Rifkatu ke ɗaga yatsa.
Shekara talatin tana koyar da lissafi a firamare,
yanzu shiru take ƙirgawa.
Tana da littafin da gara ta ci gefensa,
cike da do da re da mi, rubutunta tun tana kwaleji,
waƙar wani Bature da ya mutu
tun kakan kakana bai sassaƙa kwalekwalensa na fari ba.
Ba ma jin harshensa.
Ta ce, "Ina ruwanku? Ku bi hawa, ku bi sauka,
jirgi ba ya tambayar igiyar ruwa sunanta."

Lantana mai ƙosai ke ɗaukar sama,
siririyar murya, ko sauro ya sara mata.
Hassatu, Istifanus da Jatau tela suna saƙa tsakiya.
Ni Manu, mai gyaran injin jirgi, aka bar wa ƙasa,
wai ina gurnani kamar injin da ya kwana cikin raɓa.
Sauti ɗaya nake riƙewa,
su je yawonsu, su dawo su same ni inda suka bar ni.

Sai Ɗan'asabe ɗan kabu-kabu, autanmu,
ya zo da wadda ke tashi a kowace waya a tasha.
Ganga a leɓensa take, kuge a bayan haƙoransa.
Ranar farko Malama ta ɗaure fuska.
Rana ta biyu ta zo da ita a rubuce,
ta tsaga ta gida huɗu, ta miƙa wa kowa rabonsa.
Yanzu daga Baturen mukan faɗa ta tasha,
daga ta tasha mu gangara waƙar masunta
da kakata ke yi tana ɗinkin koma,
kuma ba wanda zai nuna maka inda aka yi ƙulli.

Makon jiya Lantana ba ta zo ba,
ta tafi Kwantagora jinyar 'yarta.
Muka fara haka nan.
Da muka iso inda take shiga,
kowa ya ja baya, ya bar mata hanya kamar kullum,
hanyar kuwa ba kowa.
Yatsan Malama na sama. Ɗaya. Biyu.
Na ji ɓera cikin buhuna, na ji jirgin dare can wajen gungu.

Sai daga bayan ƙofa,
wata murya, tsohuwa, mai tsatsa, mai warin taba gari,
ta hau inda Lantana ke hawa.
Ba ta kai ba. Ta zame, ta sake kamawa.
Baba Tambai ne, maigadi,
shekara biyu a kan tabarmarsa da tocila da gora,
muna wuce shi da sannu kawai.

Malama ba ta waiwaya ba.
Ta sauke yatsa a kan huɗu, muka shiga, muka tare shi.

Da na koma gida, Kulu ta shinshina rigata,
ta dubi idona, ta ce, "Yau kuma ya yi ja."
Na ce sabuwar albasa aka sauke.
Ta ce, "To," ta tura mini kwanon tuwo.